Sulhu Da Gyaran Ɓarna: Aikin Masu Tsaya Wa Yaran Da Suka Faɗa Hannun Hukuma

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'armu na karkara, da masu unguwanni, da dagatai, da hakimai, da kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, musamman waɗanda ke sashen jin daɗin jama'a. Manufarsa ita ce a fayyace wani aiki wanda yawancin iyaye ba su san da shi ba sai ranar da ɗansu ya kwana a ofishin 'yan sanda, wato aikin jami'an da ke shiga tsakani idan yaro ko matashi ya yi laifi, su haɗa shi da wanda ya ɓata wa, a gyara abin da ya ɓaci ba tare da an kai ga kulle shi ba.

Masana shari'a suna kiran wannan tsari da wani suna wanda za mu iya fassarawa da adalcin gyaran ɓarna. Kotun da muka saba da ita tana neman ta san dokar da aka karya, da wanda ya karya ta, da hukuncin da ya dace da shi. Shi kuwa wannan tsari yana farawa ne daga wanda aka cuta: me ya rasa, me zai mayar masa da hankalinsa, kuma wa ke da alhakin yin hakan. A ce yaro ɗan shekara 14 ya kama akuyar wata tsohuwa ya kai kasuwa ya sayar. Idan aka kulle shi wata shida, tsohuwa ba ta sami akuyarta ba, yaro ya rasa zangon karatu biyu, sannan ya dawo gari da ilimin da ya kwaso daga manyan ɓarayi, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan kuwa aka zaunar da shi gaban tsohuwar da iyayensa, ya ji da kunnensa cewa akuyar nan ita ce jarinta, aka yanke yadda za a biya ta, to, ita ta sami haƙƙinta, shi kuma akwai fatan ya shiga taitayinsa.

Abin da doka ta tanada

Wasu jami'ai suna ɗari-ɗari da irin wannan sasantawa, suna ganin kamar rufa-rufa ce wadda doka ba ta yarda da ita ba. Ya kamata a kawar da wannan fahimta. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a shekarar 1991, kuma a 2003 Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara. Da yake al'amarin yara yana hannun jihohi, sai da kowace jiha ta yi tata. Jihar Kaduna ta yi Dokar Kula da Kare Yara a 2018, wadda aka gina bisa tubalin ta tarayya. Muna ba jami'an ƙananan hukumomi shawara su ajiye kwafin dokar jiha a ofisoshinsu, domin ita ce za a yi aiki da ita a kotunanmu.

A dokar tarayya, yaro shi ne wanda bai cika shekara 18 ba. Sashe na 204 ya ce ba a bi da yaro ta hanyar da ake bi da babba mai laifi. Yana da nasa tsarin daban. Sashe na 209, wanda shi ne ginshiƙin maganarmu, ya bai wa ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kammala maganar yaro ba tare da an je gaban alƙali ba, ta hanyar sasantawa, da sa ido, da nasiha, da mayar da abin da aka ɗauka, da biyan wanda aka yi wa ɓarna, matuƙar laifin ba babba ba ne kuma akwai alamar iyali ko makaranta za su ɗauki matakin da ya dace. Sashe na 212 ya ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan taƙaitaccen lokaci. Sashe na 221 ya hana a ɗaure yaro a gidan yari, ko a yanke masa hukuncin bulala, ko na kisa. Dokar ta kuma wajabta a sanar da iyaye da zarar an kama yaro, ta hana a bayyana sunansa ga jama'a, ta kuma tanadi kotun iyali wadda za ta saurari maganarsa.

Bugu da ƙari, a shekarar 2019 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta zama Hukumar Gidajen Gyaran Hali. Ba suna kaɗai aka sauya ba. Dokar ta raba hukumar gida biyu, ɓangaren tsarewa da ɓangaren hukuncin da ba na tsarewa ba, wanda ya ƙunshi yi wa al'umma hidima, da saki bisa sa ido, da kuma sasantawa. Ta ambaci sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, da taron iyali, da sulhun al'umma, ta ce ana iya yin su kafin shari'a, ko lokacin shari'a, ko mutum yana tsare, ko bayan ya fito. Har ila yau ta hana a haɗa yara da manya a wuri ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙa. Shekaru da dama gidajen horar da matasa na Gwamnatin Tarayya, waɗanda ake kira Bostal, guda uku ne aka sani a duk faɗin ƙasar nan: na Kaduna, da na Ilori, da na Abekuta, kuma an tanade su ne domin matasa masu shekara 16 zuwa 21. Ko da a ce kulle yara shi ne maganin, babu wurin da zai ɗauke su. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Yaron da aka tura can a kan wayar salula yana iya daɗewa fiye da abin da alƙali zai yanke masa in da an saurari ƙarar.

Yadda zaman sulhu yake gudana

Aikin jami'in jin daɗin jama'a yana farawa tun kafin a zauna. Zai fara ganin yaron shi kaɗai, ya tabbatar ya amsa laifinsa da bakinsa ba don duka ko tsoratarwa ba. Idan yaro ya ce bai yi ba, babu batun sulhu. Wannan maganar kotu ce, kuma yana da haƙƙin a saurare shi. Daga nan jami'i zai je gidan su yaron, ya ga halin da ake ciki: ko uwarsa tana gidan, ko yana zuwa makaranta, ko yana samun abinci, ko ya fara shaye-shaye, da su wa yake yawo. Sau da yawa a wannan ziyara ake gano cewa satar reshe ce, tushen yana wani wuri. Abin da ya gani zai rubuta shi a rahoto, wanda ɗan sanda ko alƙali zai dogara da shi.

Sannan zai je wurin wanda aka yi wa ɓarna. Wannan ziyara ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ita ce ta fi muhimmanci. Mutumin da aka fasa wa shago yana da fushi, yana da tsoro, yana da tambayoyi. Dole a ba shi lokaci ya faɗi abin da ke ransa, a bayyana masa abin da zaman zai iya samar masa da abin da ba zai iya ba, a kuma gaya masa a fili cewa yana da 'yancin ya ƙi. Sulhun da aka tilasta wa mutum saboda kunyar hakimi ko nauyin liman, bayan an watse yakan bar ƙullin da ya fi na farko.

Ranar zama, akan haɗa yaron da mahaifinsa ko waliyyinsa, da wanda aka cuta da wani nasa, da mai unguwa, da liman ko fasto, wani lokaci da malamin makarantar yaron. Ba a tara 'yan kallo. Yaron ne zai faɗi abin da ya aikata da bakinsa, ba mahaifinsa ne zai ari bakinsa ya ci masa albasa ba. Wanda aka cuta zai faɗi abin da ɓarnar ta jawo masa. Daga nan sai a tattauna gyara. Jami'i ba alƙali ba ne a wannan zama. Aikinsa ya tabbatar kowa ya sami damar magana, kada manya su taru su danne yaron da faɗa, kada kuma dangin yaron su mayar da laifin wasa.

Abin da aka amince da shi sai a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a sa ranar farawa da ranar gamawa. Muna jan hankali a kan abu ɗaya: biyan ya kasance yaron yana da hannu a ciki. Idan uba ya zaro kuɗi ya biya nan take, an sallami mai kaya, amma yaron bai koyi komai ba sai cewa akwai mai biya. Ya fi kyau a ce zai yi aiki a gona ko a wurin sana'a na wasu makonni, a riƙa cire wani abu daga ladansa, bisa sharaɗin aikin bai fi ƙarfinsa ba kuma bai hana shi karatu ba. Bayan haka jami'i zai ci gaba da leƙa shi har wa'adin ya cika, sannan ya kai rahoto a rufe maganar. Wannan bibiya ita ce ke cin takalmi da man babur, kuma ita ce ake fara yankewa idan kuɗin aiki ya yi ƙaranci.

Babu wani baƙon abu a nan ga mutumin karkara. Tun kaka da kakanni, idan shanun da yaro ke kiwo suka shiga gonar wani, dagaci da ardo sukan je su ga ɓarnar, a ƙiyasta, a biya, a yi musafaha. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa ba a tsayar da haddi a kan wanda bai balaga ba, amma dukiyar da ya lalata ana biyanta. Maƙwabciyarmu Jihar Kano ta kafa Zauren Sulhu a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, tsakanin 2003 da 2011, domin a raya wannan al'ada. Abin da sabon tsari ya ƙaro shi ne rubutu, da wa'adi, da jami'in da za a tambaya idan abin bai tafi daidai ba.

Ɗan wa ake yi wa sulhu?

Gaskiyar magana ita ce sulhu bai taɓa yi wa ɗan mai hali wuya ba. Idan ɗan attajiri ko ɗan babban ma'aikaci ya yi ɓarna, kafin la'asar an sami mai tsaya masa, an ba da haƙuri, an biya, ya kwana a gida. Wanda ke kwana a bayan kanta shi ne almajirin da iyayensa ke wata jiha, da marayan da ke hannun kishiyar uwa, da yaron ruga wanda ba ya jin Hausa sosai, da yarinya mai talla wadda ba a san wanda za a kira ba. Laifin ɗaya ne, amma makomar ta bambanta saboda wani yana da gata, wani ba shi da shi. Babban dalilin da ya sa gwamnati ke ɗaukar jami'an jin daɗin jama'a shi ne su zama gatan wanda ba shi da gata, domin abin da ɗan mai hali ke samu ta hanyar sanayya, ɗan talaka ya same shi ta hanyar doka.

Akwai kuma matsalar shekaru. Yaron da ba shi da takardar haihuwa akan ƙiyasta shekarunsa da ido, kuma yaron karkara da ya saba da aikin ƙarfi yakan yi kama da wanda ya girme shi. Da zarar an rubuta 18 a takardar tuhuma, duk kariyar da muka lissafa a sama ta kuɓuce masa. Saboda haka muna kira ga iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su adana takardar. Inda babu ita, katin rigakafi, ko rajistar makarantar firamare, ko shaidar mai unguwa suna taimakawa, kuma jami'in da ya san aikinsa su zai fara nema.

Jama'ar jihar nan sun ga abin da rashin mai tsayawa ke haifarwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane wajen 300, da yawansu yara da matasa, daga wani gida a Rigasa inda aka same su cikin mummunan hali, wasu da mari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, ba don ƙiyayya ba, sai don sun rasa inda za su kai yaron da ya gagare su. Haka kuma a farkon watan Nuwamba na 2024 ƙasa ta ga yaran da aka kama bayan zanga-zangar watan Agusta na wannan shekara, yawancinsu daga Kano da Kaduna, wasu suna faɗuwa a kotu a Abuja bayan sun shafe kusan wata uku a tsare, har Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Inda sulhu ya tsaya

Wajibi ne a fahimci cewa ba kowane laifi ake sasantawa a zaure ba. Kisan kai, da fashi da makami, da garkuwa da mutane, da fyaɗe, duk na hukuma ne, ko da yaro ne ya aikata. Kotun da ta dace ita za ta duba, tare da la'akari da shekarunsa. Muna nanata batun fyaɗe domin a nan ne aka fi fakewa da sunan rufin asiri. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin wannan laifi a 2020. Mai unguwa ko dagacin da ya karɓi kuɗi ya kashe irin wannan magana, ko ya sa aka aurar da yarinya ga wanda ya lalata ta, ya ci amanar sarautarsa, kuma shi ma yana iya fuskantar tuhuma. Haka nan 'yan sintiri ba su da ikon dukan yaro ko zagayawa da shi gari ana yi masa ature. Idan sun kama shi, su miƙa shi ga hukuma.

Waɗanda suka mayar da shi aikin rayuwarsu

Wannan tsari, a sigarsa ta zamani, ƙaramin ma'aikaci ne ya fara shi. A 1974, a garin Elmira na ƙasar Kanada, wasu matasa biyu suka yi maye suka lalata dukiyar mutane a wurare 22 cikin dare ɗaya. Jami'in sa ido mai suna Mark Yantzi ya ba alƙali shawarar a sa su je su fuskanci mutanen da suka yi wa ɓarna. Alƙali ya amince, aka bi da su gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suka ji ta bakin kowa, suka kuma biya. A 1989 ƙasar New Zealand ta mayar da taron iyali ya zama ginshiƙin shari'ar yara, bayan koke-koken 'yan asalin ƙasar, wato Maori, cewa 'ya'yansu ne suka fi yawa a hannun hukuma.

A Amurka akwai Fania Davis, lauya baƙar fata wadda ta tashi a birnin Birmingham na Jihar Alabama a zamanin wariyar launin fata, inda ta rasa ƙawayenta biyu a harin bam da aka kai wani coci a 1963. Bayan ta shafe shekaru masu yawa tana kare haƙƙin jama'a a kotu, a 2005 ta haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar sulhu domin matasan birnin Oakland, inda ake korar ɗalibai baƙaƙe daga makaranta fiye da sauran. A makarantar da suka fara gwaji, binciken da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fitar a 2010 ya nuna dakatar da ɗalibai ya ragu da kashi 87 cikin 100. Wannan darasi ne ga shugabannin makarantunmu, domin yaron da aka kora daga aji ba gida yake zama ba, tasha yake tafiya. A nan gida Nijeriya kuwa, Dokta Uju Agomoh ta kafa ƙungiyar PRAWA a 1994, ta shafe shekaru tana fafutukar gyaran gidajen yari da samar da hukuncin da ba na ɗauri ba, tun lokacin da ake ganin maganar tamkar mafarki.

Ga matasanmu masu sha'awar wannan aiki, ƙofa a buɗe take. Ana karanta fannin ci gaban al'umma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da nazarin laifuffuka ko sasanta rikici a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ma'aikaci zai iya yi yana bakin aikinsa. Ana samun gurbi a ƙananan hukumomi, da ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a, da Hukumar Gidajen Gyaran Hali, da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ba aikin tara dukiya ba ne, kuma mai yin sa zai sha zargi daga ɓangarori biyu: mai kaya ya ce yana goyon bayan ɓarawo, iyaye su ce ya haɗa kai da 'yan sanda. Yana buƙatar haƙuri, da riƙon sirri, da jin harshen mutanen yankin, da tsare hannu daga abin da za a miƙo. Ana matuƙar buƙatar mata a cikinsa, domin akwai abin da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, akwai kuma gidajen da namiji ba ya shiga.

Abin da ake buƙata daga shugabanni da iyaye

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar kowane ofishin 'yan sanda na yankinsu yana da suna da lambar wayar jami'in jin daɗin jama'a, su kuma ware masa abin hawa da kuɗin zirga-zirga a cikin kasafinsu. Hakimai da dagatai su buɗe littafi na musamman da za a riƙa rubuta kowane sulhu da aka yi a kan yaro, a ajiye shi a wurin da ba kowa ke gani ba.

Uban da aka kama ɗansa ya je ofishin 'yan sanda da kansa ba tare da jinkiri ba, ya tafi da shaidar shekarun yaron, ya nemi a kira jami'in jin daɗin jama'a, kada ya bari a ɗauki jawabin yaron babu wani babba nasa a wurin. Belin 'yan sanda kyauta ne. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 kuma take da ofishi a Kaduna, ko ya kai kukansa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.